Takalman Kawu Ovide a Bikin Kankana

Ku matso, ku gyara zama, ga ta nan tafe. In kun ji kamar an ƙara mata gishiri, ba hannuna ba ne. Mutumin da zan ba ku labarinsa haka Allah ya yi shi, komai nasa sai ya wuce misali.

Sunansa Ovide Sonnier, amma duk garinmu Petit Pont, yaro da babba, Kawu Ovide ake ce masa. Shinge ɗaya ya raba gidana da nasa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa da faɗin baki, takalmansa kuwa in ya ajiye su a ƙofa sai ka ɗauka kwale-kwale biyu aka jingine. Bai taɓa kama ƙaramin kifi ba tun da aka haife shi. Kadan da ya ce ya taɓa kokawa da shi a fadama kullum ƙara tsawo yake yi, har sai da ya fi fadamar. A faɗarsa, duk jiharmu ta Louisiana ba wanda ya kai shi iya rawa. Matan garin dai sun san gaskiya, domin kusan kowace tana da ɗan yatsan ƙafa da ke tuna mata da shi duk sanda hadari ya haɗo.

Abu ɗaya ne ya gagari bakin Kawu Ovide, shi ne Madam Ozite mai fanke. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma tun ranar da aka binne shi ba ta sake taka dandalin rawa ba. Ita dai tana rumfarta tana suya, tana barbaɗa wa fankenta garin sukari har ya yi fari fat, wanda ya ci sai gemunsa ya tona masa asiri. Kawu Ovide ya ci fanken nan har cikinsa ya riga shi shiga ɗaki, amma ko ƙofar gidanta ba ta taɓa cewa ya tsallako ba.

Ana saura 'yan kwanaki bikin kankana, ya same ta a barandarta tare da yayanta Clovis, tsohon da ke kaɗa mana akodiyon, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, tun muna 'yan mata. Ya cire hula, ya yi gyaran murya.

"Ozite, bana ni da ke za mu buɗe rawar farko."

"Wa ya faɗa maka?"

"Zuciyata."

"To ka ce mata ta riƙa tambaya kafin ta yi magana."

Clovis ya ɗaga kai daga akodiyon ɗin da yake gogewa. "Ƙanwata, in za ki yarda, ki bari in aro miki takalmin masu aikin rijiyar mai, mai ƙarfe a baki."

"Kai dai Yaya Clovis hassada ce ke cinka," in ji Kawu Ovide. "Ni da na yi rawa a wani biki har amarya ta manta da ango!"

"Ta manta da shi ne saboda tana asibiti ana ɗaure mata ƙafa."

Madam Ozite ta yi dariya har ta share ido da gefen zanen girkinta. Daga nan ta dube shi sosai, ta ce, "Ji nan, Ovide. Na gaji da ganinka kana zagaya rumfata kamar ƙuda. Zan fito. In ka kai ni ƙarshen dandalin nan ka dawo da ni ba ka taka mini ƙafa ba, ranar Lahadi ka zo ka ci abinci a teburina. In kuwa ka taka ni, ko da ƙaramin yatsa ne, ka nemi wata rumfar ka koma can har abada."

A garinmu, macen da mijinta ya rasu in ta buɗe rawar farko da namiji, ta kuma kira shi abincin Lahadi, ba sai an yi shela ba. Fada ma, limamin cocinmu, da kansa yakan fara duba rigar ɗaurin aure. Kawu Ovide ya fita daga gidan yana tafiya kamar an naɗa shi gwamna. Sai da ya kai shingenmu ya tsaya ya dubi ƙafafunsa, na ga murmushin ya ɗan ragu.

To, dandalin rawarmu na katako ne, a ƙarƙashin manyan itatuwa, ƙarshensa ɗaya yana kan ciyawa, ɗayan kuma ya leƙa kan kogi, an tare shi da shingen katako. Tun kakanninmu, kafin a fara rawa akan watsa ɗan garin masara a kan katakon don takalmi ya riƙa sulɓi. Tafin hannu biyu zuwa uku ya isa. Tsohon da ke wannan aiki gwiwa ta hana shi sunkuyawa a shekarar, aka tambaya wa zai karɓa. Kafin a rufe baki Kawu Ovide ya miƙe.

"Ku bar mini. Zan yi muku dandalin da jikokinku za su riƙa ba da labarinsa."

A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Da yamma ya leƙo ta kan shinge ya kira ni, yana magana ƙasa-ƙasa, wato yadda za a ji shi a gida uku maimakon bakwai.

"Maƙwabciya, ki yi tunani. Yaushe mutum ke taka ƙafar wani?"

"Kai dai duk sanda ka ji kiɗa."

"A'a, sai ya ɗaga ƙafarsa! In ban ɗaga ba fa? In dandalin ya yi sulɓin da zan riƙa zamewa kawai kamar agwagwa a ruwa? Garin masara tsakin kaji ne. Abin da ya fi laushi shi zai fi sulɓi. Me ya fi komai laushi a duniya?"

"Kanka," na ce.

"Za ki gani," ya ce, ya shige.

Washegari na ga ya dawo daga kanti, motarsa ta akori-kura ta yi ƙasa saboda nauyi, an lulluɓe kayan da tamfol. Can da rana na ji wani ƙara daga kicin ɗinsa kamar an kayar da shagon tukwane. Na ruga. Na tarar da shi zaune a gindin firji, daga shi sai safa, tukunya a cinyarsa, na'urar sanyi tana ta busa iska, ledar ɗakin ta yi fari da garin sukari. Fuskarsa kamar wanda ya tsinci zinariya.

"Kin gani? Daga ƙofa har firji ban ɗaga ƙafa ba!"

"Kawu Ovide, nan cikin ɗaki ne mai sanyi. Can kuwa bakin kogi ne, a watan Yuli."

"Sukari sukari ne, ko a ina yake. Ke dai ki riƙe bakinki."

Na riƙe. Allah ya yafe mini, so nake in ga ƙarshen abin.

Ranar Asabar gari ya waye da irin zafin nan namu mai gumi, wanda in ka shanya riga takan ƙara jiƙewa. Manoma sun jera kankana tuli-tuli, masu ratsi da baƙaƙe, an fasa wasu jajur suna ɗigar ruwa. Ƙamshin soyayyen kifi da miyar kuɓewa ya cika wurin. A tsakiya kuwa ga dandali fari tas kamar kek ɗin amarya, Kawu Ovide yana tsaye a gefensa cikin farar riga da dogayen takalmansa na fata, sun sha man gogewa har kana ganin fuskarka.

Clovis ya iso da akodiyon a kafaɗa, mai goge da mai buga ɗan ƙarfe suna biye, karensa a baya. Shi Clovis bai taɓa hawa dandamali ba. Ya ce ubansa a kan katakon masu rawa yake ajiye kujera, don ya ji ƙafafunsu a jikinsa, shi ma haka zai mutu. Ya dasa kujerarsa a kusurwa, ya dubi ƙasa.

"Wannan wane irin garin masara ne?"

"Na Faransa ne," in ji Kawu Ovide. "Ba ka san shi ba. Sarakuna ne ke rawa a kansa."

Karen ya sunsuna, ya lasa, ya sake lasa, sai ya kwanta ya duƙufa.

"Ikon Allah," in ji Clovis. "Karen nan ko nama sai ya zaɓa."

"Kare ne mai asali. Ya san kayan ƙasar waje."

Ana haka motar Odessa Malveaux ta tsaya. Odessa ita ce ke jan waƙa a cocinsu na tsallaken titin jirgi ranar Lahadi, ranar Asabar kuma ta sa doguwar riga mai ƙyalli ta yi kiɗan zamani da suke kira soul da mutanenta, mai ganga da masu busa ƙaho. Kowace shekara Clovis ne ke buɗewa da kiɗanmu na gargajiya da ake kira Kajun, ita kuma ta karɓa in rana ta karkata. Ba su taɓa kiɗa tare ba, amma ba su taɓa haɗuwa ba su yi tsiya ba. Ta hau tirelar ɗaukar ciyawa da aka mai da ita dandamali, ta leƙo.

"Baba tsoho, yau ma da akwatin nan mai ciwon asma ka zo?"

"Shi ne dai, 'yar nan. Ke fa, kin taho da jirgin ƙasanki?"

"Ni in na buɗe baki, kankanar da ke gona ma sai ta nuna."

"Shi ya sa bara duk suka fashe."

Suna cikin haka muryar Madam Ozite ta taso daga rumfarta, kuma ba muryar fara'a ba ce. Mutane sun yi layi, kowa ya karɓi fankensa sai ya juya shi ya dube ta.

"Gwaggo Ozite, yau fanken tsirara ya fito?"

"Ku ci haka ko ku bari! Wani marar tsoron Allah ya kwashe garin sukarin garin nan kaf, mai kanti kuma ya ce an rantsar da shi ba zai faɗi suna ba. Na rantse in na kama shi, a cikin man nan zan soya shi, in juya shi, in sake soyawa!"

Na ga Kawu Ovide ya ja da baya kamar zai sulale. Amma baki ya riga ya saba. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ozite, ki bar ni da shi. Kafin rana ta faɗi zan tsayar miki da shi a gaban jama'a."

Nan ma bai yi ƙarya ba.

Sai ga Fada Mouton da bokitinsa na ruwan albarka, domin ba a fara biki sai ya yayyafa wa kankana da makaɗa da dandali. Ya yi wa kankana, ya yi wa akodiyon, ya yi wa ƙahonin Odessa duk da ba 'yan cocinsa ba ne, ya nufo katako. Kawu Ovide ya tare shi da hannu biyu.

"Fada, wannan kam ba ya bukata. Na riga na yi masa addu'a da kaina."

"Kai ka yi masa addu'a?"

"To ko ɗan ɗigo ɗaya, a can gefe."

Fada ya dube shi ta saman tabarau. "Ovide, wurin da ba ya son ruwan albarka shi ya fi kowane bukatarsa." Ya tsoma hannu ya watsa gabas, ya watsa yamma, ya bi kusurwa-kusurwa, abin da ya rage a bokitin ya juye a tsakiya, ya ɗan rage kaɗan ya yarfa wa Kawu Ovide a goshi.

Farin dandali ya fara yin dabbare-dabbare. Kawu Ovide ya ruga mota ya ɗauko sauran buhunan garin sukarin, ya zazzage a kan wuraren da suka jiƙe. Rana ta take tsaka. Yara suka bi ta gefe da yankan kankana, ruwan yana zuba ta gwiwar hannunsu. Dandalin ya daina fari ya koma sheƙi, wani ruwan hoda-hoda. Kawu Ovide ya taɓa da yatsa, yatsan ya yi nauyin tashi. Sai ya lallaɓa rumfar mai soya kifi ya aro kwanon garin masara na gaske ya watsa a kai.

"Na Faransan ya ƙare ne?" in ji Clovis.

"Ana haɗawa ne. Sirrin ke nan."

Aka buga ƙararrawa. Jama'a suka kewaye dandali. Madam Ozite ta cire zanen girki, ta fito cikin shuɗiyar rigar da ba mu sake gani ba tun mijinta na da rai, da ƙananan takalma farare. Har ni sai da idona ya kawo ruwa. Kawu Ovide ya miƙa mata hannu, suka hau katako ta gefen ciyawa, suka yi taku kaɗan zuwa ciki, kowane taku yana cewa caɓ.

"Mene ne wannan ƙarar?" ta ce.

"Sabon takalmi ne."

Clovis ya ja akodiyon, ya buɗe shi kamar mai buɗe ƙirji, muryar kiɗan rawar wals ta fito a hankali, irin wadda ke tafiya kamar kwale-kwale a ruwa kwance. Mai goge ya bi shi. To shi Clovis ba ya iya kiɗa sai yana buga diddige a ƙasa, da shi yake riƙe taku. Ya ɗaga diddige ya buga. Diddige ya ce nan zan kwana. Ya ja, ya ja, kiɗan ya karkace kamar keken da ya rasa ƙafa ɗaya, mai goge ya yi gaba, mai ƙarfe ya yi baya.

"Ovide!" ya yi ihu. "Faransarka ta kama mini ƙafa!"

Odessa tana kan tirela tana kallo. Ta ga shuɗiyar rigar nan a tsakar dandali, ta san shekarun da aka yi ana jiran ta. Ta juya ta ɗaga wa mai gangarta gira. Ya ɗauki sandunansa ya fara ba da takun a hankali, daidai inda diddigen Clovis ya kamata ya faɗi. Clovis ya harare shi, amma hannunsa ya riga ya bi. Masu ƙaho suka shigo ta ƙasa, da taushi, kamar mai shimfiɗa bargo. Sai Odessa ta rufe ido ta saki murya a kan akodiyon ɗin, ba kalma ko ɗaya, gunji kawai mai daɗi. Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Tsigar jikina ta tashi. Ba wanda ya jira a ce bismillah, maza suka ja matansu, aka afka dandali gaba ɗaya.

Aka kuwa tsaya gaba ɗaya.

Caɓ, caɓ, caɓ, sai shiru. Wani ya ɗaga ƙafa, takalmin ya ƙi biyo shi. Wata ta jingina da mijinta, mijin ya jingina da maƙwabci, layi guda suka karkata kamar rake a iska. Matar shugaban biki ta zauna daɓas, ta yi yunƙurin tashi, siket ɗin ya ce shi bai gama hutawa ba.

A tsakiyarsu Kawu Ovide yana ta tura ƙafa don ya zame kamar agwagwa, ƙafa ko motsi. Sai ya fara karkaɗa kafaɗa da ƙugu, yana murmushi, gumi na zuba.

"Ovide, ba ma tafiya."

"Sabon salo ne. Daga ƙugu zuwa sama ake yi."

"Tun ɗazu itacen nan nake kallo, bai matsa ba."

"Itace ne mai taurin kai."

Ta sunkuya don ta ciro takalminta, yatsanta ya taɓa katako. Ta ɗago shi, ta duba, ta kai baki. Na ga fuskarta ta canza a hankali, kamar madarar da aka ɗiga wa lemun tsami.

"Wannan sukarina ne."

"Ozite, bari in..."

"Sukarina ne! Ga ɓarawon nan a gabana, yana riƙe da ƙuguna!"

Muryarta ta kai har tirela. Odessa ba ta bari ta faɗi ƙasa ba. Ta cafke ta, ta ɗaga hannu, mai ganga ya ƙara wuta, ta rera cikin lasifika, "Sukarin wa aka zuba?" Jama'ar da ke manne suka amsa da ƙarfi, "Na Ozite!" "Wa ya zuba?" "Kawu Ovide!" Masu ƙaho suka yi wata irin busa kamar dariya. Clovis ya zare ƙafarsa daga takalmin, ya ɗora ta a kan akwatin akodiyon, ya shiga waƙar da dukan ƙarfinsa, yana dariya har haƙorinsa na roba na rawa.

Wataƙila da abin ya tsaya nan. Amma duk mai gonar kankana yana da amya a bakin gona, domin ba ƙudan zuma ba kankana. Tun safe labari ya kai musu. Muka ji wani gunji wanda ba na Odessa ba, muka ɗaga kai, sai ga su kamar hayaƙi ta saman itatuwa.

Kowa ya bar takalminsa ya nemi ciyawa. Madam Ozite kuwa takalmanta masu maɗauri ne, ta kasa kwancewa, ga ƙudan zuma sun fara zagaya shuɗiyar riga. Kawu Ovide ya dube ta, ya dubi sama. Ya zare ƙafafunsa daga dogayen takalman, ya sunkuya ya fizge maɗaurin nata, ya ɗauke ta cak kamar buhun shinkafa, ya zura da gudu.

Sai dai ya zura ta inda ba hanya.

"Ba nan ba, sakarai! Kogi ne!"

Safa ɗaya ta tsaya a hanya. Ta biyu ta bi 'yar'uwarta. Ya isa shingen ƙarshen dandali da tafin ƙafa tsirara, ya leƙa ruwa, ya tuna duk kadojin da ya taɓa ba da labarinsu, ya juya. Ya sake keto dandalin, kowane taku kamar ana ɓare filasta, yana ihu, tana dukan bayansa da jakarta, ƙudan zuma na rakiya, makaɗa kuwa ba su tsaya ba, sai ma suka bi takunsa da ganga. Ya diro kan ciyawa, ya dire ta a kan teburin rumfarta a tsakanin fanke, ya ja da baya don ya yi jawabi, ya taka ɓawon kankana. Sulɓin da ya nema tun safe a nan ya same shi. Ya tafi da baya har cikin tulin kankanar da ta ci gasar bana, ya zauna a kan babbar, ta fashe.

'Yan kashe gobara, waɗanda da ma suna wurin suna sayar da gasasshen nama, suka jawo tiyo suka buɗe wa dandali ruwa, hayaƙin gashinsu kuma ya kori sauran ƙudan. Takalma suka riƙa yawo a kan ruwan hoda kamar 'yan agwagi. Mutane suka dubi ƙafafunsu, suka dubi jiƙaƙƙiyar ciyawa, suka dubi makaɗa.

"Baba tsoho," in ji Odessa, "hau nan, ƙasa ta jiƙe."

"Ubana bai taɓa hawa dandamali ba."

"Ubanka bai taɓa haɗuwa da Kawu Ovide ba."

Masu ƙaho biyu suka ɗaga shi da kujerarsa suka ɗora. Ya ja rawar taku-biyu mai zafi, goge ya yi kuka, ƙahoni suka amsa, Odessa ta riƙa jefa waƙa rabi da Faransancinmu rabi da Turancinsu. Muka yi rawa ba takalmi a kan ciyawa har laka ta kai mana idon sawu, har Fada ya tattare rigarsa ya shigo.

Shi kuwa gwanin yana zaune a kan bokiti a bayan rumfa. Ƙudan zuma ɗaya tak ya same shi, amma ya san inda ya zaɓa: a leɓe. Bakin ya kumbura ya yi kamar yankan kankana. Tun da na san Kawu Ovide, ranar ce ta farko da na gan shi bai iya cewa komai ba. Madam Ozite ta jiƙa taba, maganin harbin ƙudan zuma a garinmu, tana danna masa a wurin, kuma ba da tausayi take dannawa ba.

"Ka hana ni ciniki. Ka ɓata mini takalmi. Ka kunyata ni a gaban gari, ranar da na fito bayan shekara da shekaru."

"Mmm," in ji Kawu Ovide.

Clovis ya sauko shan ruwa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Kawu Ovide ya kama hannunsa, ya nuna ƙarshen dandali, ya nuna nan, ya nuna ƙafar Madam Ozite, ya haɗa hannu biyu yana roƙo.

Clovis ya sosa ƙeya. "Ƙanwata, ba don ina son sa ba. Amma ya kai ki ƙarshe."

"Ɗaukata ya yi kamar kayan dako!"

"Ya kuma dawo da ke."

"Da kaina a ƙasa!"

"To duba ƙafar taki."

Ta zauna, ta miƙe ƙafafunta, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu ƙalau. A tarihin Petit Pont ita ce mace ta farko da ta shiga dandali da Kawu Ovide ta fito da su cif. Ta dube shi, ga leɓe kamar matashin kai, ga 'ya'yan kankana manne a wando, ga tafin ƙafa ya yi jajur. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, kafaɗunta suka ci amanarta.

"Da ka gudu ka bar ni," ta ce, "da yanzu kana cikin man nan." Ta ƙara danna tabar. "Gobe bayan coci. Ka wanke ƙafa. Kuma ka ji da kyau, Ovide: rabonka na sukari na duniya ka zubar da shi yau. A teburina, kofi baƙi za ka sha har ka mutu."

Haka kuwa aka yi. Kafin a girbe rake Fada Mouton ya ɗaura musu aure, Clovis da Odessa suka yi kiɗan tare, kamar yadda suke yi a kowane bikin kankana tun daga ranar, suna tsiya kafin a fara, suna tsiya bayan an gama. Dogayen takalman Kawu Ovide kuwa, Clovis ne ya tsamo su, ya kafe su da ƙusa a jikin itacen da ke kan dandali, kuma duk wanda aka ba aikin watsa garin masara sai an kai shi gabansu ya gan su tukuna.

In kun je Petit Pont, za ku same shi a barandar Madam Ozite da kofinsa. Zai kurɓa, fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka, sannan ya gaya muku cewa shi ne mutum na farko a Louisiana da ya gano sukari na da illa, kuma shi ya shirya komai da gangan don ya haɗa makaɗan nan biyu. Sai murya ta fito daga kicin ta ce, "Ovide, me ka ce?" Shi kuma ya ce, "Cewa na yi kofin ya yi daɗi."

Iyakarta ke nan. In da saura, tana can manne a jikin katako.